Gida Biyu a Gefen Takarda

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin ana cewa babanku ne ya gyara akwatin ruwa a shekarar alkama. Ko a bikin 'yar'uwarku Sadiya na ji wani dattijon garinmu yana ba mijinta labarin, yana ƙara gishiri, wai kallo ɗaya na yi wa akwatin na gane cutarsa. Na zauna ina murmushi kamar gaske. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina karɓar wannan yabo ina yin shiru, wanda ya kamata a yaba ɗin kuwa ya daɗe a ƙasa, Allah Ya jiƙansa. Yanzu ido ya fara rauni, hannu ya fara rawa, gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya riƙe biro.

A lokacin ban cika shekara da auren mahaifiyarku Rabi ba, muna zaune a sashen da Baba ya yanka mana a gidansa, a garinmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ina aiki a ofishin da ke kula da ruwan noman rani, ni ne mai gyaran kayan lantarki. Kanal ɗin da ya ratsa bayan gari ƙofa uku gare shi, ta gaba, ta tsakiya da ta ƙarshe, kowacce da gonakin da take shayarwa. Da can da hannu ake buɗe su, kuma abin bai yi kyau ba, don na gaba su sha su ƙoshi, na ƙarshe su yi ta kallon taɓo, har sai da aka fasa wa wani kai a kan ruwa. Shi ya sa da wasu Turawa 'yan kwangila suka zo aka kafa wani akwatin ƙarfe a ɗan ɗaki a bakin kanal, shi yake ba injinan ƙofofin umarni, sitiyarin hannu da ake murɗa ƙofofin da shi kuma aka cire aka kai sito a Kano. Akwati ba shi da suruki, ba ya jin nauyin kowa. Da safe ya buɗe wa na gaba, da rana na tsakiya, da la'asar na ƙarshe, aka samu zaman lafiya har shekara uku.

Ni aka haɗa da Baturen da ya rubuta wa akwatin umarninsa, ina riƙe masa waya da mita, a wajensa na koyi abin da zan gaya muku. Ku da kuke yawo da waya a aljihu kada ku yi mini dariya. Duk hankalin akwatin nan yana cikin wani ɗan baƙin abu da bai kai tsawon yatsa ba, ƙafafunsa ashirin da huɗu, da 'yar tagar gilashi a bayansa. Mu ma'aikata cip muke ce masa, Rabi kuwa tun ranar da ta fara ganinsa ta raɗa masa kyankyaso. Cikinsa gidaje ne a jere, kowane gida da lambar da ke zaune a ciki, kuma akwatin ba ya jin Turanci, ba ya jin Hausa, sai waɗannan lambobi. To mutum ba ya iya tunani da lamba zalla, saboda haka akwai wasu gajerun kalmomi da ake rubutawa, su ake kira yaren asembili: ɗauko, ajiye, kwatanta, tsallaka gaba, koma baya. Baturen yana da kwamfuta mai wata manhaja da ake ce wa asembila, ka ba ta kalmomin ta mayar maka da su lambobi, ta ƙirga maka gidajen da kanta, in ka yi kuskure ta tsaya ta nuna maka layin. Da kwangila ta ƙare ya naɗe kwamfutarsa da asembilarsa ya hau jirgi. Abin da ya bar mana shi ne takardun umarnin da ya buga, da littafin da ke nuna lambar kowace kalma, da wani ɗan allo mai maɓalli goma sha shida da ake danna lambobi cikin cip da shi, sai cip guda ɗaya fanko na ko-ta-kwana.

Shekarar da aka hana shigo da alkama daga waje, kowa a yankinmu ya shuka alkama, har waɗanda kakanninsu ba su san ta ba sai a gurasa. Baba ma, da yake malami ne mai makarantar allo kuma manomi, ya cire tumatir ya zuba alkama a gonarsa, wadda ita ce ta ƙarshen ƙarshe a kanal ɗinmu, bayanta sai daji. Gonar da ke gabanta ta Sale Dogo ce, maƙwabcinmu, mutum mai iyali da yawa da gajeriyar zuciya. Ruwa ya yi wa masu nema kaɗan. Wanda ake sako mana daga dam ya daina wuni yana gudu, ya zama na 'yan sa'o'i, kuma ba shi da lokaci, yau da sassafe, gobe da hantsi. Akwatin kuwa bai san an canza ba, agogonsa kawai yake bi. Da la'asar sai ya ɗaga ƙofar ƙarshe a kan kanal busasshe, ya jira lokacinsa ya cika, ya sauke. Alkamar ƙarshe ta yi ciki ta fara fitar da kai, daidai lokacin da ba ta haƙuri da ƙishirwa. Ranar da ta cika mako ba ruwa, Sale Dogo ya tare ni a ƙofar gida ina fito da keke.

"Auwalu, akwatin nan naku makaho ne ko mugu?"

Na ce masa ba ko ɗaya, abin da aka rubuta masa yake yi.

"To wa ya iya rubutun?"

Na ce ni na ɗan iya.

"Ka ɗan iya! Gonar ubanka na can tana naɗe ganye, kai kana nan ka ɗan iya."

Na yi ta juya agogon akwatin ko za a dace, sau biyu ina kuskure lokacin ruwan, na gaba kuma suka kai ƙarata aka hana ni taɓawa. Maganin da na gani shi ne a sake rubuta umarnin: akwatin ya daina bin agogo, ya jira har ɗan tulun da ke iyo a kanal ya ɗago, alamar ruwa ya zo, sannan ya ba ƙofa ɗaya ruwan ranar gaba ɗaya, yau ta ƙarshe, gobe ta tsakiya, jibi ta gaba. Na hau mota a Kura na tafi babban ofis a Kano, inda aka ce akwai kwamfuta. Akwai ta kuwa, a ɗaki mai sanyi, an lulluɓe ta da mayafi. Mai kula da ita ya fito mini da faya-fayan da suke da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai manyan yarukan rubuta manhaja har guda uku, masu kyau, waɗanda za ka rubuta kusan kamar kana magana, amma babu ko ɗaya da ya san yaren ɗan cip ɗinmu, babu asembila. Ya ce a rubuta wa kamfani a turo, wata uku ko huɗu. Na shiga wajen Injiniya, shugabanmu, na roƙe shi ko sitiyarin hannu a ba ni na mako biyu.

"Ka manta abin da ya sa aka cire shi? In aka sake zub da jini, kai za ka amsa ko ni? Rubuto takarda, zan tura sama."

Na rubuta. Har yau ina jiran amsa.

A mota ina dawowa na yanke shawarar in zama asembilar da kaina. Ba abin da ba a yi ba ne, Baturen ya taɓa nuna mini: ka rubuta kalma a hagu, ka buɗe littafi ka nemo lambarta ka rubuta a dama, ka ƙirga gida nawa ta ci, don wata ɗaya take ci, wata biyu, wata uku. Wahalar tana wajen tsallake. In ka ce wa akwatin ya koma baya, sai ka gaya masa gida nawa, daidai wa daida. Ya wuce da ɗaya ko ya gaza da ɗaya, zai faɗa tsakiyar wani umarni ya karanta shi a karkace, daga nan kuma sai abin da Allah Ya yi. Ga shi cip in an danna masa lamba ta zauna ke nan, ba a gogewa sai da wata fitila ta musamman da ake haska tagarsa, tamu kuwa ta ƙone tun bara. Dama ɗaya gare ni, kuma na sani.

Kwana uku na yi a zauren Baba, daga bayan asuba har azahar, don nan ne ake samun haske da shiru in yara sun tashi. Baba yana gefe a kan buzunsa yana nasa rubutun. Kun san kakanku da hannunsa ya rubuta Alƙur'ani har sau huɗu, wanda ke cikin gafaka a ɗakina shi ne na ukun. A rana ta biyu ina cikin bitar abin da na rubuta, na ga na manta ban ce wa akwatin ya kashe injin ƙofa ba kafin ya koma jiran ruwa. Layi ɗaya ne, gida biyu. Shafin ya cika, na ga ba zan iya sake kwafe shi ba, sai na rubuta layin a gefen takarda na ja kibiya zuwa inda zai shiga. Na ji daɗin kaina ƙwarai da na kama wannan. A rana ta uku da na gama, ina tattara takardu, Baba ya ajiye alƙalami.

"Wa zai duba maka?"

Na ce na duba sau uku.

"Ba haka na tambaye ka ba. Ni in na gama izu, ba na duba shi da kaina, Malam Habu nake kai wa. Idon wanda ya rubuta abin da ke zuciyarsa yake gani, ba abin da ke kan takarda ba. Kawo mu bi tare."

Ga abin da na ce masa, kuma ina so ku karanta shi yadda na faɗa, don ban taɓa gaya wa kowa ba. Na yi dariya, na ce, "Haba Baba, wannan fa ba allo ba ne. Ko baƙaƙen boko ba ka sani ba, me za ka gani a ciki?"

Ya tsoma alƙalami a tawada ya ci gaba da rubutunsa. Rabi tana bayan ƙofa ta kawo mana kunu, ta ji, da na shiga ciki ta ƙi kallona, ta ce in ma ina da gaskiya ai ba haka ake faɗa ba. Na ce mata ta bar ni da abin da ya dame ni, alkama na mutuwa ana maganar ladabi.

Na wuni ina danna lambobi, gida ɗari huɗu da wani abu, kowanne na karanta sau biyu kafin in danna. Washegari da hantsi ruwa ya zo, mutanen ƙarshe sun cika bakin kanal don labari ya zaga. Na kashe akwatin, na zare tsohon cip na sa a aljihu, na dasa sabon, na kunna. Ɗan tulu ya ɗago. Ƙofar ƙarshe ta yi ƙara ta fara tashi, mutane suka ɗauki kabbara. Ba ta kai tsawon hannu ba ta tsaya, ta sauka, ta tsakiya ta tashi, ita ma ta sauka, sannan duk ukun suka shiga rawa sama da ƙasa, injinan suna kuka, har na fara jin ƙaurin waya. Na kashe da sauri kafin su ƙone. Na mayar da tsohon cip, akwatin ya duba agogonsa ya buɗe wa na gaba kamar ba abin da ya faru, ruwan ranar ya tafi inda ya saba tafiya. Da na fito babu wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Sale Dogo ne kaɗai ya yi magana, kuma ba da ni yake ba, da Baba yake.

"Malam, kai ka ce mana mu yi haƙuri yaron zai iya."

Baba ya ce, "Na faɗa, kuma ban janye ba."

A nan na san ashe tun kafin in fara ya tsaya mini a gaban mutane bayan sallar Juma'a, lokacin da wasu suka ce a je a fasa ƙofar da gatari.

Saura hanya ɗaya. Baturen ya taɓa ce mini dalilin da ya sa ake liƙe tagar cip da takarda shi ne rana ma tana goge shi, sai dai a hankali, mako ko fiye. Na ɓare takardar sabon cip ɗin, Rabi ta ɗora shi a faifai ta hau tsani ta ajiye a kan soro kusa da kauɗar tumatir da take shanyawa, ta kife masa rariyar waya mai manyan idanu don kada tsuntsu ya ɗauka. Kullum da la'asar in sauko da shi in dasa a allon maɓalli in bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ina neman su koma fanko. Rana ta farko ba abin da ya motsa. Ta biyu haka, ta uku haka. Na daina cin abinci sosai, in na kai loma baki sai in tuna alkama. Na daina bin hanyar masallacin da mutanen ƙarshe ke salla, ina zagayawa ta bayan kasuwa. Kowace safiya in hau keke in je gonakin ƙarshe in tsaya daga nesa, ganye ya naɗe kamar tsinke, daga kore ya koma toka-toka, daga gindi ya fara ja. Wasu suna ɗebo ruwa a garwa daga kududdufi suna zuba wa fangali ɗaya ko biyu, abin da bai kai ya jiƙa ƙasa ba. In gajimare ya gifta sai gabana ya faɗi, ni da na taso ina murna da inuwa. Rabi tana ƙoƙarin ba ni dariya, takan leƙo ta ce kyankyasonka dai yana shan rana abinsa, ko in shafa masa mai, amma ita ma na sha ganinta a kan tsani tana juya faifan yana bin rana.

Abin da ya fi cin raina shi ne ban san inda na yi kuskure ba. Na bi takardun nan ya fi sau ashirin, kowace lamba daidai take da littafi. Ke nan ko cip ya goge, abin da na danna da farko shi zan sake dannawa, ƙofofi su sake rawa. A rana ta biyar na farka da wannan tunani, na yi salla hankalina ba ya jikina. Rabi ta ajiye mini koko ta tsaya a kaina.

"Ka je wajen Baba mana."

Na ce da wane ido.

"Da waɗannan biyun da suka duba sau ashirin ba su ga komai ba."

Na ɗauki takardun na shiga zaure na durƙusa. Na fara jero ban haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce wannan ma yi ta daga baya, yanzu alkama. Ya tambaye ni baƙaƙen nawa ne. Na ce goma sha shida, lambobi goma da haruffa shida.

"Sha shida kacal? Rubuta mini su a allo."

Kafin hantsi ya san su duka, yana kiran su da sunayen da ya raɗa musu, wannan mai ciki biyu, wancan mai ƙugiya. Muka fara yadda suke yi da Malam Habu: ni ina karanta kalma da ƙarfi in buɗe littafi in nuna lambarta, shi yana bin takardata da yatsa, ba ya ɗagawa sai ya ce na'am. Ni ina sauri, shi ba ya sauri, in na haɗa layi biyu sai ya ce koma. Zuciyata tana tafasa, ina ganin rana tana tafiya a banza. Muka gama shafin farko ba kuskure. A tsakiyar na biyu yatsansa ya tsaya, ba a kan layi ba, a gefe.

"Wannan fa da kibiya?"

Na ce gyara ne, layi na manta na ƙara, kuma daidai yake, na duba lambarsa.

"Ban ce ba daidai yake ba. Yaushe ka ƙara shi, kafin ka rubuta na ƙasa ko bayan ka rubuta?"

Na ce bayan.

"To a nan za mu zauna. Mu a wajenmu duk inda ka ga an yi gyara a gefe, nan ake tsananta dubawa, don mai rubutu in ya kama kuskure ɗaya murna takan ɗauke masa hankali, ya manta abin da gyaran ya taɓa. Me ke ƙasa da ya dogara da na sama?"

Na bi layukan ƙasa da ido. Layi biyar a ƙasa akwai umarnin komawa baya, inda akwatin zai koma ya ci gaba da jiran ruwa, na rubuta a gefensa da fensir: gida goma sha huɗu. Baba ya zaro carbinsa, ya ce in riƙa faɗa masa gida nawa kowane layi ya ci, muna hawa sama. Ina faɗa yana ja. Da muka zo kan kibiya ya dube ni, na ce biyu. Ya ja biyu. Muka kai inda ya kamata akwatin ya sauka, ya ɗago carbin ya nuna mini abin da ke tsakanin yatsunsa.

"Kai ka ce sha huɗu. Ni sha shida na samu."

Na ƙirga kafin in ƙara layin, da na ƙara ban sake ƙirgawa ba. Aikin da asembila take yi kafin ƙiftawar ido, ba tare da ka ma san ta yi ba, shi ne ya kayar da ni. Duk bitar da na yi, lamba nake gwadawa da littafi, sha huɗun nan kuwa ba ta cikin littafi, daga kaina ta fito, shi ya sa ko sau ɗaya ban tuhume ta ba. Na sunkuyar da kai hawaye suna ɗiga a kan takarda, Baba ya janye ta don kada rubutun ya jiƙe. Bai bar ni na tashi ba sai da muka ƙirga kowane tsallake a shafi ukun da carbi, sannan ya sa na sake kwafe shafi na biyu tas, ba kibiya, muka sake bi daga ƙarshe zuwa farko.

Cip bai goge ba sai rana ta tara. Rana ta bakwai saura gida goma sha ɗaya, ta takwas saura uku, na zauna ina kallon ukun nan kamar in kankare su da farce. Da suka goge, Baba ne ya riƙa karanta mini lambobin da sunayen da ya ba su, ina dannawa, in maimaita masa abin da allon ya nuna, ya ce na'am. Washegari ban gaya wa kowa ba, amma da na isa bakin kanal na tarar da mutanen ƙarshe a tsaye, sun fi na farko yawa, kuma wannan karon na ga gatari a kafaɗar mutum biyu. Ruwa ya makara, bai zo ba sai kusan azahar. Wajen dasa cip na lanƙwasa ƙafarsa ɗaya, sai da na miƙe ta da farce, sannan na kunna. Ɗan tulu ya ɗago. Ƙofar ƙarshe ta tashi, ta kai tsawon hannu, ta wuce, ta kai ƙarshe, injin ya yi shiru. Ta tsaya a buɗe. Babu wanda ya yi kabbara sai da ruwa ya yi nisa a hanyar ƙarshe, kowa na jira ya ga ko za ta sauka, sannan wuri ya kaure, mutane suka bi ruwan a guje da fartanya.

Daga ranar ne aka fara labarin da kuka taso kuna ji. Mafi yawan gonakin ƙarshe sun farfaɗo, an samu rabi, wasu fiye da rabi, kuma mutane da suka ga hatsi a buhu sai suka manta rawar da ƙofofi suka yi, suka riƙe ranar da ruwa ya zo. Baba bai taɓa gaya wa kowa zancen carbi ba, in an yabe ni a gabansa sai ya ce Allah Ya yi masa albarka. Ni kuma na bari. Amma ku lissafa da kanku: da na miƙa masa takardun nan ranar da ya ce in kawo, da ruwa ya isa ƙarshe kwana goma kafin ranar da ya isa.

Na bi ruwan a ƙafa har ƙarshen kanal a ranar. La'asar ta yi kafin ya kai gonar Sale Dogo, ya rage ƙarfi, bai fi ya ishi gona ɗaya ba kafin a ɗauke. A ƙa'ida raba shi za a yi tsakanin Sale da Baba. Na tarar da Baba a tsakiyar gonarsa, ya tattare riga, alkamar ta kai masa gwiwa, fara fat kamar an yi girbi an bar kara. Ya karyo zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannu, ya hura. Duk ta tashi, ba abin da ya saura a hannunsa. Ya matsa gaba ya karyo wata, ya murza, ya hura, haka. Na ɗauki fartanya zan fasa bakin fangalinsa ruwa ya shiga, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

"Bar shi, Auwalu. Toshe nan, ka tura wa Sale duka. Tasa da sauran rai."

Na toshe. Shekarar nan ko mudu ɗaya na alkama bai shiga gidanmu daga gonar Baba ba, kuma har ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba, ban haƙurin da ya ce ma yi daga baya ma bai ba ni damar yin sa ba. Tsohon shafi na biyun yana nan cikin gafaka, a bayan Alƙur'anin da ya rubuta. In na mutu kuka buɗe za ku gan shi, da kibiyar a gefe, da sha huɗun da na rubuta da fensir. A ƙarƙashinta akwai sha shida da tawada, da baƙaƙen boko a karkace, rubutun mutumin da na ce bai san su ba.